Wa ya riga wa? Yadda ake auna lokacin tsere da kuɗi kaɗan

A shirin wasanni na wannan mako mun ɗauki tambayar da wasu matasa suka aiko mana daga unguwar Briqueterie, nan Yawunde. Suna so su shirya tseren ƙananan motocin nan da ake kira kart, amma abin da ya tsaya musu a rai shi ne yadda za su san lokacin kowa a kowane zagaye, alhali ba su da miliyoyin sefa na sayen na'urar manyan gasanni. Amsar za ta amfani masu tseren keke da babur, har ma da masu sukuwar dawaki a Kano ko Yamai, domin in dai an sa kyautar kuɗi, gardamar bakin layi kan raba abokai.

Bari mu fara da agogon hannu. Tsakanin ido ya gani da yatsa ya danna, mutum kan ɓata kusan kashi 2 cikin 10 na daƙiƙa. Kart mai gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a daƙiƙa ɗaya. Ke nan kafin mai agogo ya danna, ta wuce layi da fiye da mita 3, ita kuwa motar tsawonta bai kai mita 2 ba. Kun ga ko alƙali mai gaskiya ne, hannunsa na iya ba na biyu kyautar na ɗaya.

A manyan filaye, waya ake binnewa a ƙarƙashin layin ƙarshe, kowace mota kuma a ɗaura mata 'yar na'ura mai batir da ke aika lambarta. Da ta haye wayar, kwamfuta ta rubuta lamba da lokaci. Kamfanin AMB na ƙasar Holan, wanda aka kafa a 1982, shi ya yi suna a wannan fanni, kuma a 2008 ya haɗe da ChampionChip, suka koma MYLAPS. Aikinsu ba kuskure sosai, sai dai tsada. To mai ƙaramin ƙarfi fa? Akwai hanyoyi uku.

Ta farko ita ce wayar salula. Akwai manhajojin da ke amfani da GPS: ka nuna musu inda layi yake, su riƙa ƙirga maka zagaye. Matsalar ita ce yawancin wayoyi sau ɗaya a daƙiƙa suke karɓar matsayinsu daga tauraron ɗan'adam, wato tsakanin awo da awo motar ta yi mita 17, sauran kintace ne. In aka haɗa wayar ta Bluetooth da ƙaramin GPS mai karɓa sau 10 a daƙiƙa, tazarar kan sauko ƙasa da mita 2. Wannan ya isa direba ya gane ko yana ƙara sauri a atisaye, amma kar a raba kyauta da shi.

Ta biyu, hasken nan da ido ba ya gani, irin na rimot ɗin talabijin. Kowace mota a sa mata ƙaramin ƙwan da ke ƙyafta lambarta, a bakin layi kuma a kafa abin karɓa, a haɗa shi da ɗan allon lantarki irin Arduino ko ESP32. Shi ESP32 yana da Wi-Fi a jikinsa, don haka zai tura lokacin kai-tsaye zuwa wayar alƙali. Mai gyaran rediyo ko ɗalibin lantarki zai iya harhaɗa wannan. Rauninsa biyu ne: rana mai ƙarfi na rikita shi, sannan in motoci biyu suka iso kafaɗa da kafaɗa, ɗaya na iya kare ɗaya. Maganinsu a sa abin karɓar cikin ɗan bututu don inuwa, a kuma rataye shi a sama yana kallon ƙasa.

Ta uku, 'yar takardar nan mai mannewa ta RFID, wadda ake sa wa masu gudun fanfalaki a bayan lambar ƙirjinsu. Ba ta da batir, daga na'urar karantawa take samun wuta, shi ya sa take da araha. Kuɗin yana wajen na'urar karantawa da eriyarta, amma saye ɗaya ne, ƙungiya na iya yin karo-karo. A kula, ƙarfe da ruwa na dakushe ta, saboda haka a manna ta a jikin roba, nesa da inji. Mu da ke Yawunde, inda damina ke zuwa sau biyu a shekara, sai mu gwada ta cikin ruwan sama tun kafin ranar gasa.

Ko wacce kuka zaɓa, ku ƙara da shaida. A manyan tseren keke, irin su Tour du Cameroun da Grand Prix Chantal Biya, in 'yan tsere suka iso a dunƙule, hoton bakin layi ne ke raba gardama. Ku ma za ku iya: a kafa waya daidai kan layi, tana ɗaukar bidiyo mai hoto 120 a daƙiƙa. A gudun kilomita 60, tsakanin hoto da hoto santimita 14 ne kacal.

Shawararmu ga matasan Briqueterie ita ce, in motocinku ba su wuce biyar ko shida ba, ku fara da na haske, ku haɗa da bidiyo. In kun yi yawa, ku tara kuɗin RFID. Kafin a tashi kuma, a zauna a rubuta doka: layi ɗaya, agogo ɗaya, alƙali ɗaya, da abin da za a yi in na'ura ta tsallake wani. Kar a manta da hular kwano, kuma a nemi rufaffen fili da izinin hukuma, a bar titin unguwa ga masu wucewa.

Masu gyaran lantarki da suka taɓa haɗa irin wannan na'ura, muna jiran saƙonku a shiri na gaba.