Tsakanin asibiti da gida: wa ke da alhakin tsohon Lahodu?

A rubuce, tsohon da ke zaune a Lahodu, ɗaya daga cikin mazaɓu 11 na ƙaramar hukumar Wurno a jihar Sakkwato, ba maraya ba ne. Tsarin mulki ya ambace shi, dokokin lafiya sun sa shi cikin masu rauni, har cibiya guda aka kafa masa a Abuja. Sai dai ranar da aka sallamo shi daga asibiti da shanyewar ɓarin jiki, babu ɗaya daga cikin waɗannan takardu da ta fayyace ma'aikacin da zai bi shi gida ya ga ko akwai mai ba shi abinci.

Gwamnati ta raba bukatun tsoho gida biyu. Magani da gwaji da kwanciya asibiti na hukumomin lafiya ne. Ci da sha, wanka, matsuguni da ɗan kuɗin kashewa na hukumomin jin ƙai ne. Jikin tsoho kuwa bai san da wannan rabo ba. Mai ciwon sukari da ya sha magani bai ci abinci ba yana iya suma. Wanda jikinsa ya shanye, in ba a riƙa juya shi a kan shimfiɗa ba, gyambo zai fito masa ya mayar da shi gadon da aka sallamo shi daga kai. Maganin hawan jini na tsawon rai ne, kuma wanda idonsa ya yi yana, ko mantuwa ta kama shi, ba zai iya bin ƙa'idar shansa shi kaɗai ba.

A ɓangaren lafiya, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda aka fi sani da BHCPF, da aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Manufar ita ce kowace mazaɓa ta sami asibiti guda mai aiki. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta ƙara da asusun masu rauni, ta lissafa tsofaffi a ciki. A Sakkwato, rajistar masu cin gajiyar inshorar tana hannun hukumar SOCHEMA, asibitocin mazaɓu kuma suna ƙarƙashin hukumar lafiya a matakin farko ta jiha.

Ɓangaren jin ƙai hanyarsa daban. Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar Cibiyar Tsofaffi ta Ƙasa a Janairun 2018, amma sai a 2021 aka naɗa mata shugabanni, shekarar da majalisar zartarwa ta amince da manufar ƙasa kan tsufa. An ajiye cibiyar ƙarƙashin ma'aikatar jin ƙai, wadda ita ce kuma ke da shirin tallafin kuɗi. Tallafin naira 25,000 da aka ƙaddamar a Oktoban 2023 ya tsaya a Janairun 2024 bayan dakatar da ministar ma'aikatar, Betta Edu, kafin daga baya a dawo da shi. Ko da yana tafiya daidai, rajistar da ake amfani da ita talaucin gida take aunawa. Ba ta tambayar ko akwai wanda ba ya iya tashi zuwa banɗaki a gidan.

Akwai kuma hukumar zakka da waƙafi ta jiha, wadda ke taimaka wa marasa galihu da abinci da kuɗin magani, kuma ta fi sauran kusanci da masarautu da malamai. Tukunya uku ke nan a kan murhu uku, kowace da mai dafa ta.

Abin da ya rufe wannan giɓi shekara da shekaru shi ne iyali, wato a gaskiya mata: matar ɗa, 'yar da ta dawo gida, jikar da aka cire daga makaranta. Gwamnati ta gina lissafinta a kan cewa za su ci gaba da yi kyauta. A gabashin Sakkwato wannan lissafi ya fara rushewa. Harin Tabanni a Rabah, a Yulin 2018, ya kora mutane zuwa Gandi. Harin kasuwar Goronyo a Oktoban 2021 ya kashe gomman mutane. Idan gari ya watse, tsoho ne ƙarshen tashi, wani lokaci ma ba ya tashi. Samarin da ke ciyar da shi sun tafi ci-rani, manomi kuma bai taɓa shiga tsarin fansho ba. Rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 ya sa Sakkwato a gaba wajen talauci mai fuskoki da yawa, da kashi 91 cikin 100. Gidan da ke cikin wannan hali ba ƙin tsohonsa ya yi ba, ƙarfinsa ne ya ƙare.

Ƙasashe masu arziki ma sun sha wannan wahala. A Ingila asibiti kyauta ne tun 1948, amma kulawar gida tana hannun ƙananan hukumomi, sai tsofaffin da suka warke su ci gaba da tare gadaje don babu inda za a kai su. Sun haɗa wani kaso na kuɗin ɓangarorin biyu a asusu ɗaya daga 2015, sannan dokar 2022 ta kafa hukumomin haɗin gwiwa 42. Japan ta fito da inshorar kula da tsofaffi a 2000, inda ake haɗa mai bukata da jami'i guda da ke tsara masa komai. Kuɗinsu ba abin kwaikwayo ba ne ga Wurno. Jami'in nan guda ɗaya, wanda aka san sunansa, shi ne abin da za a iya ɗauka.

Kayan aikin ma suna nan. Masu rigakafin shan inna sun san ƙofar kusan kowane gida, kuma tsarin da ya iya ƙirga yara 'yan ƙasa da shekara 5 gida-gida zai iya ƙirga waɗanda suka haura 60. Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin duba tsoho a cikin al'umma, waɗanda ma'aikacin lafiya na karkara zai iya bi: motsi, cin abinci, gani, ji, tunawa da yanayin zuciya. In aka sami jerin sunaye guda a hannun kwamitin raya mazaɓa, wanda jami'in asibiti da wakilin zakka da mai unguwa duk suke gani, za a san wa za a fara yi wa inshora, wa ke bukatar hatsi, wa za a tura asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware. Haka nan takardar sallama daga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta kamata ta isa asibitin mazaɓa, ba aljihun ɗan rakiya kawai ba.

Saura batun wanda za a tuhuma. Sashe na 16 na tsarin mulkin 1999 ya ambaci kula da tsofaffi, amma yana cikin babin da kotu ba ta tilasta aiwatar da shi. Jadawali na huɗu ya fi kaifi: ya ɗora wa ƙaramar hukuma samar da gidajen gajiyayyu, da sa hannu a ayyukan lafiya. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, don haka kansilan Lahodu da shugaban ƙaramar hukumar Wurno suna da amsar da za su bayar. Tambayar adadi kuwa, wato tsofaffi nawa aka yi wa inshora a mazaɓar da kuma nawa asibitinta ya karɓa daga BHCPF, ana iya aika ta a rubuce ga hukumomin tarayya da ke raba kuɗin. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba su kwana 7 su amsa.