Kara a Bakin Gulbi, Sanda a Tukunyar Zariya

Idan labari ya iso Kagara cewa an saki ruwa daga madatsar Goronyo, za ka ga mai albasa ya kafa kara a bakin gulbin Rima, ya tsuguna yana kallo. Zurfin ruwan bai dame shi ba. Shi dai ya san ko hawa yake yi ko sauka, kuma da wane sauri. Wanda ya ga ambaliyar 2010 ba ya wasa da wannan tambaya.

Sai dai iska ba ta barinsa. Ruwan ya lashi karan a sama, ya ja da baya, ya sake lasa. Mai gaggawa zai duba sau biyu ya ruga gida yana ihun an cinye gona. Mai nawa kuma zai zauna tantancewa har ruwa ya shiga fangalinsa.

Irin wannan tsugunon ake yi a Jami'ar Ahmadu Bello, inda tukunyar nukiliya ƙirar Sin mai suna NIRR-1 ta fara aiki a 2004 da ƙarfin kilowat 30. Ma'auninta yana nuna yawan niyutron, amma masana karkatar wutar suke nema, wato riyaktibiti: ruruwa take shirin yi ko lafawa? Alƙaluman kuwa rawa suke yi, musamman idan wutar ta yi ƙasa, domin niyutron ba sa zuwa a jere. Ka debe ƙidayar ɗazu daga ta yanzu, rawar ce za ta fito ƙatuwa, gaskiyar ta nutse. Shi ya sa kwamfuta take tace ƙidayar, kuma duk tacewa da jinkirinta. A ganina gwanintar duka tana ga sanin inda za a tsaya.

Akwai kuma bashin baya. Niyutron da ba su kai ɗaya cikin ɗari ba makara suke yi, wasu har kusan minti guda ko fiye, kamar ruwan da aka saki a Goronyo amma sai can ya isa Wurno. Dole lissafin ya riƙe abin da ya wuce kafin ya fassara na yanzu. Waɗannan 'yan makararrun ne ma suke ba mutum zarafin juya tukunyar, wadda sandar kadmiyam ɗaya tak ke riƙe da linzaminta.