Naira 10,000 a wata: yadda ake kasafin babu a Aujara

Masu iya magana sun ce da babu gara ba daɗi. Karin maganar gaskiya ce, sai dai akan fake da ita a rufe bakin talaka duk sa'ad da aka ba shi abin da bai kai ya kawo ba. Shi ya sa nake son mai karatu ya biyo ni garin Aujara, cikin Ƙaramar Hukumar Jahun a Jihar Jigawa, mu yi lissafin abin da naƙasasshe yake karɓa daga hukuma da abin da kuɗin ke iya saya masa.

A shekarar 2007 gwamnatin Alhaji Sule Lamido ta fito da tsarin biyan naƙasassu alawus na Naira 7,000 duk wata, mutum 150 daga kowace ƙaramar hukuma cikin 27 da jihar take da su, da nufin raba su da ƙoƙon bara. A wancan lokaci kuɗin ba na wasa ba ne. Mafi ƙarancin albashi a jihohi Naira 5,500 ne, litar fetur kuma Naira 70. Wato makaho ko gurgu a Aujara yana ɗaukar abin da ya ɗara albashin ƙaramin ma'aikaci, kimanin dalar Amurka 55.

Daga nan komai ya motsa ban da alawus ɗin. Mafi ƙarancin albashi ya koma Naira 18,000 a 2011, ya zama 30,000 a 2019, ya kai 70,000 a 2024. Gwamnatin Malam Umar Namadi, wadda ta hau a 2023, ta ɗaga alawus ɗin zuwa Naira 10,000. Madalla da ƙarin, amma a canjin 2024 wannan bai cika dala 7 ba. A rahotonta na 2019 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce wanda abin da yake kashewa a shekara bai kai Naira 137,430 ba matalauci ne, kuma kashi 87 cikin ɗari na mutanen Jigawa suna ƙasa da wannan mizani. Naira 10,000 sau goma sha biyu 120,000 ke nan, bai cimma mizanin 2019 ba, balle bayan janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, abin da ya sa tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024.

Idan aka raba kuɗin bisa kwana talatin, Naira 333 ake samu a rana, kuma galibi gida guda ne ke jiransu. To, yaya ake yi? Mai irin wannan samu ba ya kasafi, sai dai ya jera buƙatu ya yi ta yankewa daga ƙasa. Hatsi ne farko, gero ko dawa, sai kuɗin niƙa, sai gishiri da daddawa da kuka. Nama da sabulu da magani su ne ake ɗagawa zuwa wani watan. Kafin kuɗi su shigo ma, mai tireda ya riga ya rubuta rabinsu a littafin bashi. Kuma talauci tsada gare shi: mai hali yakan sayi buhu da kaka lokacin araha, shi kuwa talaka awo yake yi kwano-kwano har cikin marka, lokacin da rumbuna suka ƙare farashi ya hau.

Abin da ke riƙe gidajen nan shi ne dabarun da Bahaushe ya gada. Mata na zubin adashi, ana kiwon akuya ɗaya ko kaji don ranar ciwo, yara na tallar ƙosai ko ƙuli-ƙuli, ga ɗan abin da ɗan ci-rani ya aiko, ga zakkar hatsi da fidda-kai. Amma kowace dabara da kuɗinta. Yarinyar da ke yawon talla ba ta cikin aji, akuyar da aka sayar don zazzaɓi kuwa ba ta sake haihuwa a gidan.

A matsayina na ɗalibin harshe, kalmar "tallafi" kanta tana ba ni hujja. Tallafa abu shi ne a sa hannu a tare shi kada ya faɗi. Abin da bai hana faɗuwa ba bai cancanci sunan ba.

Don haka ina kira ga Majalisar Dokoki da ke Dutse ta ɗaure alawus ɗin da mafi ƙarancin albashi a cikin doka, yadda duk ranar da aka ƙara wa ma'aikaci za a ƙara wa naƙasasshe. Na biyu, a tsayar da ranar biya kada ta saɓa, domin wanda bai san ranar samunsa ba dole ya ci bashi. Na uku, a haɗa wa masu karɓa da magani kyauta a asibitocin gwamnati, tunda ciwo guda kan cinye alawus na wata da watanni. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Allah Ya ba shugabanninmu ikon dubawa, amin.