Sana'ar Ƙwallo Daga Gida Take Farawa

A 1878 Fergus Suter, ɗan Glasgow ta Scotland mai sassaƙar dutse, ya koma ƙungiyar Darwen ta Ingila, kuma yana cikin mutanen farko da suka ci abinci da ƙwallo. Ingila ta halatta biyan 'yan wasa a 1885, Scotland kuwa sai 1893, shi ya sa gwanayenta suka yi ta ƙaura zuwa Ingila. Inda ake biyan ɗan wasa haƙƙinsa, can yake nufa.

Najeriya ta fara gasar ƙwararru a 1990, shekarar da aka kafa Kano Pillars. A ƙungiyar ne Ahmed Musa ya zura ƙwallo 18 a kakar 2009/2010, kafin ya wuce Holland. Wasu na cewa gasar gida ɓata lokaci ce, tunda albashi kan makara. Kukan na da tushe, amma ƙwallayen Kano ne suka buɗe wa Musa ƙofar Turai. Yaron da ke murza leda ba takalmi a filin firamare a Ƙanƙara, Faskari ko Sabuwa, Katsina United ce tsaninsa mafi kusa. Hukumomi su gyara filaye, ƙungiyoyi su biya 'yan wasa a kan kari.