Sai da ɗan gari: Masu aikin sa-kai da ke yi wa baƙin Linux jagora a Manchester da Birmingham

A ranar 14 ga watan Oktoban shekarar 2025 ne kamfanin Microsoft ya daina kula da babbar manhajarsa ta Windows 10, bayan ta shafe shekara goma tana tafiyar da ɗaruruwan miliyoyin kwamfutoci a faɗin duniya. Kwamfutocin ba su mutu a ranar ba. Abin da ya faru shi ne kamfanin ya daina aiko musu da gyare-gyaren da ke toshe kafofin da masu kutse kan bi, sai fa ga waɗanda suka shiga wani shiri na musamman, wanda ya ƙara wa masu amfani da ita a gida wa'adin shekara guda.

Magajiyarta, wato Windows 11, ba ta amincewa da kowace irin kwamfuta. Tana neman wani ɗan ƙaramin sashe na tsaro da ake kira TPM 2.0, da kuma ƙwaƙwalwar kwamfuta ta baya-bayan nan, abubuwan da ɗimbin tsofaffin na'urori ba su da su. Tun a ƙarshen shekarar 2023 kamfanin bincike na Canalys ya yi ƙiyasin cewa kwamfutoci kusan miliyan 240 na iya ƙarewa a juji saboda wannan sauyi, alhali da yawansu lafiyarsu lau.

Mai irin wannan kwamfuta na da zaɓi uku: ya sayi sabuwa, ko ya ci gaba da aiki da tsohuwar ba tare da kariya ba, ko kuwa ya sauya mata babbar manhaja baki ɗaya. Wannan hanya ta uku ita ce ke kai mutum ga Linux, wadda ake samu kyauta. To sai dai tarihin birane biyu na ƙasar Ingila, Manchester da Birmingham, ya nuna cewa samun abu kyauta daban, iya amfani da shi kuma daban.

Aikin gayya

Babbar manhaja ita ce uwar duk sauran manhajojin da ke cikin kwamfuta. Ita ke karɓar umarni daga mai aiki, ta kuma rarraba shi ga sassan na'urar. A watan Agustan 1991 wani ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya ba da sanarwar cewa yana rubuta tasa, don sha'awa kawai. Aka haɗa aikin nasa da kayayyakin shirin GNU, wanda Richard Stallman ya soma a Amurka a 1983, sai aka sami cikakkiyar manhaja wadda kowa ke da iznin ya kwafa, ya duba yadda aka gina ta, ya gyara, ya kuma raba wa wasu.

Wannan tsari ya yi kama da gayya a ƙasar Hausa, inda kowa kan zo da fartanyarsa. Bambancin kawai shi ne a nan gonar ta kowa ce. A yau Linux ce ginshiƙin wayoyin Android, kuma tun daga watan Nuwamban 2017 dukkan kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya da ita suke aiki. Amma a kan teburin talaka, a gida ko a shago, har yanzu Windows ce ke da rinjaye, kuma babban dalili shi ne wuyar shiga ga wanda bai saba ba.

Mutumin da ya buɗe ƙofa

Manchester ba baƙuwa ba ce a wannan fage. A jami'ar birnin ne, ranar 21 ga watan Yunin 1948, wata na'ura da aka yi wa laƙabi da Baby ta zama kwamfutar lantarki ta farko da ta gudanar da umarnin da aka adana a cikin ƙwaƙwalwarta. Bayan shekara arba'in da uku, a watan Nuwamban 1991, cibiyar kwamfuta ta jami'ar ta fara ajiye Linux inda masu sha'awa za su iya kwafowa ta intanet.

A wancan lokaci ɗora Linux a kan kwamfuta aikin ƙwararru ne zalla. Mutum zai nemo faya-fayan fulofi guda biyu, ɗaya na tayar da na'ura, ɗaya kuma mai ɗauke da kayan aiki, sannan ya bi wurare daban-daban yana tsinto sauran abubuwan da ake bukata. In yana so kwamfutar ta riƙa tashi da kanta, sai ya shiga cikin manhajar ya canza wasu lambobi da hannu. Kuskure ɗaya ya isa ya mayar da shi farko.

Wani ma'aikacin cibiyar mai suna Owen Le Blanc ya sha wannan wahala, ya kuma ƙudura cewa bai kamata na bayansa su sha ta ba. A watan Fabrairun 1992 ya fitar da abin da ya kira MCC Interim Linux, inda ya tattara muhimman kayayyakin wuri guda, ya haɗa su da wani jagora da ke yi wa mutum tambayoyi ɗaya bayan ɗaya har a kammala aikin. Masu bin tarihin kwamfuta da dama na ɗaukar wannan a matsayin kunshin Linux na farko da wanda ba ƙwararre ba zai iya ɗorawa da kansa.

Sunan ma da aka ba shi na nuna halin mai shi, domin ma'anarsa ita ce na wucin gadi. Le Blanc bai yi iƙirarin ya gina wani abu na dindindin ba. Da kunshin Debian, wanda Ian Murdock ya kafa a 1993, ya yi ƙarfi, sai aka shawarci masu amfani da na Manchester su koma can, aka ma tanadar musu hanyar ƙaura. Fitowa ta ƙarshe ita ce ta 1996. Amma al'adar ba ta mutu ba, domin ƙungiyar masu amfani da Linux ta Manchester, ɗaya daga cikin mafiya daɗewa a Birtaniya, ta ɗauki shekaru tana taruwa, inda sabon shiga kan kawo kwamfutarsa a duba masa.

Darasin Birmingham

A Birmingham kuwa, daga sama aka ɗauko abin. A shekarar 2005 majalisar birnin, wadda tana cikin manyan ƙananan hukumomi a Turai, ta shiga wani gwaji da gwamnatin Birtaniya ta tallafa wa, da nufin mayar da kwamfutoci 1,500 na ɗakunan karatu na jama'a zuwa Linux. Zuwa ƙarshen 2006, kwamfutoci 200 kacal aka iya sauyawa, bayan an kashe sama da fam dubu 500. Lissafin majalisar ya nuna cewa da Windows XP aka ɗora, da an sami rarar kusan fam dubu 100.

Ba manhajar aka biya ba, tunda kyauta ce. Kuɗin sun tafi ne wajen kafa rukunin ma'aikata, da tsara aikin, da kuma cike gurbin ƙwarewar da babu ita a cikin gida. Masu goyon bayan Linux sun ɗora laifin a kan yadda aka tafiyar da shirin, yayin da masu suka suka ce ai dama araha ba ta ado. Abin da ɓangarorin biyu ba su yi jayayya a kai ba shi ne an yi ƙarancin waɗanda suka san hanya.

Abin lura shi ne, a daidai wannan lokaci yankin cike yake da irin waɗannan mutane. A cikin Birmingham akwai cibiyar OpenAdvantage, wadda ke koya wa ƙananan kamfanoni amfani da buɗaɗɗun manhajoji. A Wolverhampton mai maƙwabtaka, wasu abokai daga ƙungiyar Linux ta garin sun ƙirƙiro shirin LugRadio, wanda aka riƙa saurara ta intanet daga 2004 zuwa 2008. Ɗaya daga cikinsu, Jono Bacon, wanda ya yi aiki a OpenAdvantage, shi ne kamfanin Canonical ya ɗauka a 2006 don ya kula da jama'ar da ke yi wa kunshin Ubuntu aikin sa-kai a duniya. Babban taron shekara-shekara na masu gina GNOME, ɗaya daga cikin fuskokin da mai amfani da Linux ke gani a allonsa, ya sauka a Birmingham a 2007, sannan a Manchester a 2017. Shi ma taron OggCamp, wanda aka fara a Wolverhampton a 2009, an gudanar da shi a Manchester a 2019 da 2024.

Yadda ake karɓar baƙo

A cikin waɗannan shekaru masu aikin sa-kai sun tara abubuwa iri uku don amfanin sabon shiga. Na farko shi ne rubutattun jagorori, al'adar da ta faro tun 1992 da shirin tattara bayanan Linux da Matt Welsh da wasu suka kafa. Na biyu shi ne kunshin da aka sauƙaƙa da gangan, kamar Ubuntu da ya fito a 2004, da Linux Mint da ya biyo baya a 2006, wanda fuskarsa ba ta da nisa da abin da mai Windows ya saba gani. Na uku, wanda kuma ya fi sauran tasiri, shi ne zama kafaɗa da kafaɗa.

A irin wannan zama ba a fara taɓa kwamfuta sai an tambayi mai ita abin da yake yi da ita. In wasiƙu ne da lissafi da shiga intanet, to LibreOffice da Firefox sun wadatar. In kuwa abincinsa ya dogara ne a kan Photoshop ko CorelDRAW, sai a gaya masa gaskiya cewa waɗannan ba a yi su don Linux ba, kuma madadinsu, irin su GIMP da Inkscape, sai an sake koyo. Daga nan a kwafe hotunansa da takardunsa a ajiye a wani wuri. Sai a tayar da Linux daga filashi ba tare da an goge komai ba, ya gwada da hannunsa, ya ga ko sauti na fita, ko na'urar buga takardu na amsawa. Sai ya gamsu ake ɗorawa.

A shekarar 2025 wannan aiki ya sami sabon ƙarfi ta hanyar wani gangami mai suna End of 10, wanda masu sa-kai na ƙungiyar KDE suka taka rawa wajen kafawa. Gangamin ya tattara jerin wuraren da mutum zai je a taimaka masa ido da ido. Ƙungiyar Restart Project ta Landan ita ma ta shirya jagora ga wuraren gyara na unguwanni, inda jama'a kan kawo kayan da suka lalace a gyara musu kyauta, al'adar da ta samo asali daga birnin Amsterdam a 2009. Nan ma sunan Manchester ya sake fitowa, domin a can ne, a watan Oktoban 2018, masu irin wannan gyara daga sassan Birtaniya suka fitar da wata sanarwa mai ɗauke da sunan birnin, suna neman a ba jama'a 'yancin gyara kayansu, a kuma riƙa ƙera abubuwa masu ƙarko.

Ina ruwan Kano?

Duk wanda ya san titin Beirut ko kasuwar Farm Centre a Kano ya san cewa yawancin kwamfutocin da ɗalibai da masu shagunan buga takardu ke saya na hannu ne, waɗanda aka yi amfani da su a Turai ko Amurka. Na'urorin da Windows 11 ta ƙi a Manchester da Birmingham, wasunsu irin waɗannan kasuwanni za su nufa. Mai saye na iya samun araha, amma in manhajar da ke ciki ta daina samun kariya, to bayanan bankinsa da takardun abokan cinikinsa na cikin haɗari.

Akwai abubuwan da ke jiran Bahaushe a Linux tun tuni. Cikin tsare-tsaren allon rubutu da ke zuwa da ita akwai na Hausa, mai ɗauke da haruffa masu ƙugiya irin su ɓ da ɗ da ƙ. A tsakiyar shekarun 2000 ma an yi yunƙurin fitar da Wazobia Linux a Najeriya, da Hausa da Yarbanci da Ibo, ko da yake bai yi nisa ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne jagora cikin harshen da mai sayen kwamfutar ke ji, da kuma wanda zai koma wurinsa idan abu ya cije bayan mako guda.

Wannan giɓi ba kamfani ne zai cike shi ba, domin babu riba a ciki. A Manchester ma'aikaci ɗaya ne ya fara, da faya-fayan fulofi da haƙurin rubuta bayani dalla-dalla. A Birmingham an zuba fam rabin miliyan, amma aikin ya tsaya a kwamfuta ta 200. Ga ɗaliban kimiyyar kwamfuta a Zariya da Kano da Maraɗi, da takwarorinsu da ke karatu a waɗannan birane biyu na Ingila, ƙofar a buɗe take: lasisin da ya ba Owen Le Blanc damar tattarawa da rabawa bai hana kowa fassarawa ba.