Tsofaffin Motocin Ingila da Takardun Shaidarsu

A ƙasar Ingila akwai waɗansu mutane masu sha'awar tara tsofaffin motoci, irin waɗanda aka ƙera tun farkon fitowar mota. Ba don sufuri suke ajiye su ba. Gyara su suke yi, su goge, su killace, kamar yadda ake kiwon ingarma domin hawan salla.

Ranar hawansu ita ce Lahadi ta farko a watan Nuwamba. Da hudowar rana sai su tashi daga Landan, su nufi Brighton, wani gari a bakin teku, tafiyar mil 50 da ɗoriya. Ba tsere ake yi ba, isa kawai ake nema.

Ga asalin abin. A 1865 an kafa doka cewa duk keken da inji ke ja a kan hanya kada ya wuce mil 4 a sa'a, cikin gari kuwa mil 2, kuma sai mutum ya wuce gaba a ƙasa riƙe da jar tuta. A 1896 aka sassauta dokar, masu motoci suka yi wannan tafiya don murna ran 14 ga Nuwamba. A 1927 aka farfaɗo da ita.

Amma fa ba kowace tsohuwar mota ake karɓa ba, sai wadda aka ƙera kafin 1905. A nan wahalar take. Mota ta shekara ɗari da ɗoriya, maƙeranta sun mutu, kamfaninta watakila ya rushe, an sake mata ƙafafu, an sake jiki, wa zai faɗi shekararta? Saboda haka ƙungiyar masu irin waɗannan motoci, wadda aka kafa a 1930, takan sa masana su bincika. Sukan duba lambar inji da ta ƙashin mota, su gwada da littattafan kamfani da rajistar hukuma da tsofaffin hotuna, sa'an nan su ba da takardar shaida. Maganar baka ba ta isa, ko da mai motar dattijo ne. Sau da yawa abin da wani akawu ya rubuta a rajista, shi kansa ba a san sunansa ba, shi ke raba gardama.

In bincike ya nuna 1905 aka ƙera ta, ba 1904 ba, an fid da ita daga hawan ke nan, kuɗinta kuma ya faɗi ƙwarai a kasuwa.