Jirgin Ruwa Mai Tafiya da Iska: Yadda Ake Gina Shi

Iskar hunturu da ke busar da leɓɓa a Tsafe, ta lulluɓe Gusau da hazo, reshe ce ta wata babbar iska mai tasowa daga arewa maso gabas. Idan ta ƙetare Sahara ta faɗa tekun Atilantika, tura jiragen ruwa take yi. Tun 1986, duk watan Nuwamba masu jiragen shaƙatawa kan hallara a Las Palmas, a tsibiran Kanari da ke yamma da Maroko, su ɗaga ƙyallayensu su nufi yankin Karibiyan. Tafiyar ta kusa kilomita 5,000, akan kuma yi ta cikin kamar mako uku, galibi ba a dogara da inji ba.

Abin ba baƙo ba ne ƙwarai a tarihinmu. Kakanninmu da suka tafi Makka a ƙafa, da sun isa Sawakin a gaɓar Bahar Maliya, jiragen katako masu ƙyalle ne ke ƙetarar da da yawansu zuwa Jidda. Sai dai na yau ba don fatauci ko jigila ake gina shi ba. Gida ne da iyali ke zama a ciki suna yawon teku.

Babba daga cikin irinsu yakan kai mita 12 zuwa 15. Yawanci da faiba ake zuba gangar jikinsa, kamar yadda kamfanoni irin su Beneteau na Faransa da Bavaria na Jamus ke yi. A tsakiya an kafa jigo na alminiyam wanda ya fi jirgin kansa tsawo, an ɗaure shi da wayoyin ƙarfe ta gaba da baya da kowane gefe. Ƙyallaye biyu masu kusurwa uku ke rataye a jikinsa, ɗaya a gaba, ɗaya a baya.

Duk wanda ya taɓa shiga kwale-kwale a Gulbin Sakkwato wajen Bungudu da damina zai yi tambayar da ta dace: abu mai tsawo haka, ga iska na dukansa, me ya hana shi kifewa?

Amsar tana ƙarƙashin ruwa, inda ido ba ya kaiwa. A ƙarƙashin jirgin an ɗaura wani faffaɗan allo na baƙin ƙarfe ko darma, wanda ke nutsewa kamar mita biyu. Nauyinsa kaɗai yakan kai kashi ɗaya cikin uku na nauyin jirgin gaba ɗaya, wato tan uku ko huɗu, wani lokacin fiye. Iska ta danna ƙyalle, jirgi ya karkata. Yana karkata, wannan nauyi na jawo shi ya miƙe. Gwargwadon karkatar, gwargwadon ƙarfin jan. Jirgin da aka gina da kyau, ko igiyar ruwa ta kwantar da shi har jigonsa ya taɓa ruwa, zai tashi da kansa. Kwale-kwale ba shi da wannan gata. Faɗinsa da yadda aka jera kaya da mutane ne ke riƙe da shi, shi ya sa lodin da ya wuce ƙima, ko fasinjoji su miƙe tsaye lokaci guda, ya isa ya juya shi.

Allon yana da aiki na biyu, wanda a ganina ya fi ban sha'awa. Shi ke ba jirgi damar tafiya ta wajen da iska ke fitowa. Ƙyallen ba buhu ba ne da ke cika da iska kawai. A lanƙwashe aka ɗinka shi, iska na bin bayansa da cikinsa, ta haifar da ƙarfin da ke jansa gefe da ɗan gaba. Allon ƙasa kuma ya ƙi yarda jirgin ya zame gefe. Matsi ta nan, matsi ta can, sai jirgi ya sulale gaba, kamar ƙwallon dabino jiƙaƙƙe da aka matse tsakanin yatsu biyu. Ba ya iya fuskantar iska kai tsaye, sai ya kauce da kamar digiri 45, ya yi dama, ya juyo hagu, har ya isa. Gudun dai ba wani abin a zo a gani ba ne: kilomita 12 zuwa 15 a awa.

Ciki kuwa, masassaƙa sun yi tsimin wuri. Akan sami ɗakunan kwana biyu zuwa huɗu, da banɗaki, da falo, da madafa. Murhun girki a rataye yake bisa ƙusoshi biyu, ta yadda jirgi zai karkata amma tukunya na zaune daidai. Teburi na da baki don kada kwano ya zame, ko'ina da abin kamawa. Akwai tankin ruwan sha, wasu ma da na'urar da ke tace ruwan gishiri. Sola na cajin batura, na'urar tauraron ɗan Adam na nuna hanya, wata kuma na riƙe sitiyari idan matuƙi ya gaji. Akwai ƙaramin injin dizal don shiga tasha da ranar da iska ta ɗauke. Duk wannan ƙari ne. Joshua Slocum ya zaga duniya shi kaɗai daga 1895 zuwa 1898 a jirgin katako mai kamar mita 11, ba inji, ba lantarki.

Irin wannan jirgi ba zai yi amfani a gulabenmu ba, don da rani rairayi ne ke cika su, allon mita biyu kuwa zurfi yake so. A Najeriya sai a Legas, inda aka kafa kulob ɗin masu jiragen iska tun 1932, mutum zai fi ganin danginsa.

Allon nan shi ne kuma inda haɗari ya fi muni. A yawancin jiragen zamani da manyan ƙusoshi aka ɗaure shi, suna iya tsatsa, faibar da ke kewaye da su kuma tana iya tsagewa idan jirgi ya taɓa dukan dutse. A watan Mayu na 2014, allon wani jirgi mai suna Cheeki Rafiki ya ɓalle a tsakiyar Atilantika, jirgin ya kife, mutum huɗu da ke cikinsa suka rasu. Don haka mai sayen tsohon jirgi, kafin ya duba kujeru da labule, yakan biya a ɗaga jirgin daga ruwa, a kira gwani ya ƙwanƙwasa gindin allon ya duba ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya.